Layin da Yaya Auwalu bai ja ba

Ina ɗaura takalmi zan fita aiki da safen nan ƙanwarsa ta kira ni. Yaya Auwalu mai zanen hula ya rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

An kai shi kafin azahar. Na dawo gida, ga zanensa na ƙarshe a gabana, ga jan biro. Akwai aikin da ya bar mini, saura kaɗan in gama, hannuna ya ƙi.

Masu bibiyata kun san shi ko da ba ku san sunansa ba. Labaran zanen nan da nake ɗorawa ranar Juma'a duk nasa ne. Ni ɗaukar hoto da ƙona data kawai na iya.

A zaurensu da ke Dala yake zama. Mata su aiko da farar hula, ya fitar musu da zane, su bi da zare. Kwalin da teloli ke cirowa daga cikin shadda su yar, shi yake tsincewa ya yi labaransa a kai.

Tun muna yara muke karanta littattafan jaruman Turawan nan masu tashi sama. Shi ya girme ni, shi yake samo na gwanjo, ni in karanta masa Turancin, rabi duk ƙarya. Na girma ban daina ba, na koma bi a waya, har na wayi gari na ji wallahi na ƙoshi. Kowane wata duniya za ta tashi, kowane wata wani ƙato mai ɗamammen wando ya tare ta. A kashe jarumi, a sa ka jimami, bayan sallah ka gan shi ya dawo da sabuwar riga. Haba! An mai da mu yara.

Na kai masa ƙorafi, ya yi ta dariya.

"Malam Kabiru, ai kai ne da naci. Mutumin da ba ya mutuwa, ina ruwana da shi? Ungo wannan."

Labarin wani dattijo ne da ya sako takalmin maƙwabcinsa daga masallaci bisa kuskure, kunya ta hana shi mayarwa, ya koma zagayawa ta Gwale don kada su haɗu. Shi ke nan labarin. Babu wanda ya ceci kowa. Na yi dariya har da hawaye, don daga tafiyar na gane kawuna ne.

Lokacin da mahaifina ya kwanta ciwo, Yaya Auwalu ya riƙa aiko masa da kwali, an zana abin da ya faru a lungu. Wa ya yi baƙo, akuyar wa ta haihu, katangar wa ruwa ya ci. Baba yakan ce tamkar ya fita ya dawo.

Kun sha tambayata a kwament, me ya sa kowa a zanensa akwai jan layi a wuya. Ban taɓa amsawa ba. Yau zan faɗa.

Tsoro ne. Ya taso yana jin malamai na cewa wanda ya zana mai rai, gobe ƙiyama za a ce ya hura masa rai. Ya kasa daina zane, ya kasa daina tsoro. Sai in ya gama mutum ya ja masa layi a wuya.

"Na yanka su ke nan," in ji shi. "Kada su tashi su biyo ni."

Don Allah kada wani ya buɗe mini ajin fatawa a ƙasan rubutun nan. Abin da ya yarda da shi nake faɗa muku.

Shekaranjiya bayan la'asar na leƙa shi. Ya rame, kofi ma rawa yake a hannunsa. Ya miƙo mini kwalaye a leda, labarin wani taron suna a lungunsu.

"Zanen na gama tun kafin jikin ya matsa. Layin ne ban ja ba, hannun ya ƙi tsayawa. Ka ja mini kafin ka ɗora. Kowa da kowa, ka ji? Kar ka tsallake ko ɗaya."

Na ce, "Yaya, yau kuma ni ne mahaucin?"

Bai yi dariya ba.

Na bari sai Juma'a ta matso. Yau da na dawo daga maƙabarta na buɗe ledar.

Ban taɓa ganin mutanensa da lafiyayyen wuya ba. Matata ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Abban Hanifa, rufe abin nan, kallon mutum suke yi." Ta bar mini falon.

A kwalin ƙarshe an shimfiɗa tabarmi a lungu, maza sun zazzauna ana jiran liman. Haka na bar lungun ɗazu ana zaman makoki. Tabarmin su ne, mutanen su ne, har mai shayi ya jingina a inda aka zana shi. Na san lungun ɗaya ne, tabarmin masallaci ne, ina kuma za su zauna? Duk da haka tsigar jikina ta tashi.

Na bi su da biro ina ja, ina istigfari. Mai shayi, liman, angon ƙarni, har kawuna.

Sai na zo bakin zaure. Wani mutum a tsaye, fensir a bayan kunne. Kowa na kallon liman, shi ni yake kallo.

Bai taɓa zana kansa ba sai wannan karon. Hoto ma gudunsa yake, ɗazu ƙanwarsa ke tambayata ko ina da ko guda, babu. Wannan ce kaɗai fuskarsa da ta rage mana, kuma ita zan yanka.

Na ɗaga waya zan ɗauka kafin in ja. Na ajiye. Ajiye kwafi ai cin amana ne.

Na tsaya da rubutun nan, na je na yi alwala, na dawo na ja.

Layin bai miƙe ba, Yaya. Amma ya kai daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Ban tsallake kowa ba.

Ya Allah, ka jiƙan Auwalu, ka haskaka kabarinsa, ka ba shi ikon amsa tambaya. In akwai laifi cikin abin da hannunsa ya yi, ka duba tsoron da ya yi maka, ka yafe masa.

Duk wanda labarinsa ya taɓa sa shi murmushi, kada ka danna alamar kuka ka wuce. Ajiye wayar, ka ɗaga hannu ka roƙa masa gafara.