Baba Uwaisu, Wanda Ya Zauna a Gindin Ƙarfe

Ranar Talata, sha biyu ga Mayun 1964, ina bakin aiki aka aiko mini daga Paki cewa ka rasu da hantsi. Baba Uwaisu, na yi kuka, kuma na ji tsoro.

Shekara uku ke nan da aka kafa dogon ƙarfen wayar iska a bayan garinku, aka turo ni, Ilisha, baƙo daga kudancin Zariya, in riƙa kula da na'urar. A shekarar shamuwa ba ta sauka kan tsamiyar da ta saba yin sheƙa ba, ita ce kuwa tsuntsuwar da manoma ke jira kafin su fito da iri. Ruwa ya yi jinkiri. Kai kuma zumarka ta watse, amya bakwai suka zama wayam. Gari ya ɗauka cewa abin da ƙarfen ke watsawa a iska ne ya kori tsuntsu, tsuntsu ya tafi da damina.

Ranar da mutanen gari suka zo da gatura don su kayar da ƙarfen, ina cikin ɗakin na'ura, na kasa ko tura sakata. Ta taga na hango ka, ka shimfiɗa buzunka a gindin ƙarfen ka zauna. Ba ka wanke ƙarfen ba, don kai ma kana zarginsa, har ka mutu ba ka daina yi mini tsiya a kansa ba. Abin da ka ce kawai: "Ni na fi kowa asara, kuma ban tabbata ba. Wanda ya tabbata ya fara da ni."

Aka yi cirko-cirko har azahar, sannan aka watse. Washegari ka kwashe sauran amyarka ka kai garin Saulawa, ka ce nisa zai raba gardama. Can suka yi zuma. Ka tambaye ni dalili, na ce ban sani ba, har yau kuma ban sani ba.

Bana ma tsamiyar shiru, sama ko gajimare babu, an fara ɗauke kai in na yi gaisuwa. Jiya Inna Zulai, mai ɗakinka, ta aiko mini da buzun, ta ce kai ka bar wasiyya a ba ni.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka. Inna Zulai da 'yarku Huseina, Allah ya ba ku haƙuri, ya ba mu ruwa.