Tsagar da ke Rumfar Makaranta

Seu Genésio kafinta ne, amma bai taɓa yin kujera ba. Aikinsa haɗa akwatunan katako da ake zuba kankare a ciki, in ya bushe a ɓamɓare. Ni Dorival nake ɗaura rodi, shekara goma sha ɗaya muna tare a São Paulo, tun muna gina fararen gidajen nan masu santsi da ke tsaye kan siraran ginshiƙai. Aikin daɗi ne: in ka yi ɓarna mai filasta ya rufa maka asiri, mai fenti ya ƙarasa. Genésio kuwa akwai baki, akwai kafiya. Ban taɓa ganin ya buɗe takardar zane ba, wai idonsa ya fi ta.

A 1969 aka kai mu ginin wata makaranta a hannun Dokta Aderbal, matashin mai zanen gini da ke yawo da ɗan samfurin kwali a hammata. Shi bai yarda da filasta ba, kankare zalla yake so, da sawun katako da na ƙusa duk a jiki. Ga wata rumfa da ya zana gaban azuzuwa, ta miƙo taku goma sha biyu, bango ne kawai ya riƙe ta daga baya, bakinta babu ginshiƙi ko ɗaya.

"Dokta, me zai riƙe wannan? Addu'ar kakarka?" in ji Genésio.

"Rodin da ke samanta, Seu Genésio. Ranar cire tokari ku jira ni."

Kankare ya kwana ashirin da takwas. Ranar cirewa ruwan sama ya tsare Dokta a hanya, Genésio ya shanye gahawarsa ya ce shi ba zai zauna jiran sa'an ɗan cikinsa ba. Rufin da muka saba yana da ginshiƙi dama da hagu, don haka daga tsakiya ake fara zare itatuwan tokari. Shekara talatin hannunsa ya saba da hakan. Muka shiga ƙarƙashi mu takwas, muka fara daga tsakiya, muka bar na baki a tsaye.

Mun zare layi uku muka ji ƙas! kamar an karya busasshen ice. Garin siminti ya zubo mini a ƙeya. Na ɗaga kai, sai ga wata siririyar tsaga tana rarrafe a saman kawunanmu. Nan na tuna da hannuna na ɗaura rodin nan, ƙarfinsa duk a sama yake, ƙasan rumfar kusan babu rodi, ga shi mun bar tsakiyarta tana reto.

Dokta ya shigo da gudu, laka har gwiwa. "Daga baki ake farawa! Daga baki! Ku fito, za ta kashe ku!"

Muka watse. Genésio kaɗai bai fito ba. Itatuwan baki sun fara lanƙwasa suna kuka, dole wani ya mayar da na tsakiya.

"Dorival, mutumina, miƙo mini ice."

"Fito, tsohon banza! Matarka Zuleide za ka mayar gwauruwa?"

"Ni na zare, ni zan mayar. Miƙo!"

Ba zan yi ƙarya ba, daga waje na riƙa turo masa, ban sa ƙafa ciki ba. Goma sha ɗaya ya kafa shi kaɗai, leɓensa na motsi, gumi na ɗiga daga haɓarsa, gari na ta zubowa. Da ya fito, sai da muka ɓamɓare yatsunsa daga jikin guduma.

Bayan mako biyu injiniya ya zo ya auna, aka sake cirewa daga baki. Rumfa ta sunkuya da faɗin yatsa, ta tsaya. Genésio ya roƙa a rushe ta, injiniya da Dokta suka ce lissafi ya nuna za ta ɗauka. Ya ce to a shafe tsagar. Injiniya ya ce a bar ta a buɗe, in ta motsa a gani. Suka tafi, ba wanda ya ƙara waiwayarta, aka zuba yara.

Daga ranar bakin Genésio ya mutu, bai sake karɓar babban aiki ba. Duk Lahadi in an tashi daga coci zai hau bas biyu, ya ari tsani wurin mai gadi, ya duba alamar fensir da ya yi a ƙarshen tsagar. Dona Zuleide har ta zaci wata ya ajiye, ta bi sawunsa, ta tarar da shi kan tsani yana duba tsagar. Shekara ashirin da biyu yana haka.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya damƙa mini fensirin. "Kai ma kana wurin," abin da ya ce ke nan.

Lahadin nan na hau. Na ga kamar tsagar ta wuce alamar da faɗin farce. Na goge tabarau na sake dubawa, na kasa tantancewa, ko ita ce ko idona. Na sauko na zauna a gindin tsani. Gobe Litinin, yara ɗari huɗu za su yi layi a ƙarƙashinta.