Faifan Baba Dung a Kan Tukunyar Gwate

Gaskiya a yaba wa matan Tudun Wada wajen tattali. Ba abin da ke zaman banza a hannunsu.

Jiya na leƙa gidan maƙwabcina Baba Dung, tsohon makaɗin jaz da ya ƙare ƙuruciyarsa yana buga ganguna a otal-otal ɗin Jos. An gayyace shi wasa ran Asabar, karo na farko tun da ya kwanta asibiti. Na same shi tsaye yana kallon faifan tagullar da ake kaɗawa tare da gangunansa a kife kan tukunyar gwate, duk ya yi baƙi, gefensa ya tsage.

Ya ce wa matarsa, "Maman Ladi, da wannan fa na aure ki."

Matar ko ɗagowa ba ta yi ba. "Da shi kuma nake ciyar da kai, Oga Jaz. Murfin tukunyata ya ɓata."

Ya ɗauki ludayi ya ƙwanƙwasa faifan, sai ya yi ƙarar tsohon kwano. Ya aika a ce ba zai samu zuwa ba. Sannan ya zauna ya sha gwatensa, har da ƙari.

Jama'a, a gidan nan wa ya fi sanin amfanin tagulla?