Ranar Da Ostareliya Ta Ce Ba Ta San Neville Ba

Neville Ashworth yana jariri a hannu ya sauka Ostareliya, cikin jirgin ruwan da ya kwaso Turawan Ingila bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da gwamnati ke neman ma'aikata har tana biya musu kuɗin hanya. A garin Elizabeth ya girma, kusa da birnin Adelaide. Ya yi aikin haɗa motoci har aka rufe kamfanin, ya auri Raelene, ya tara tumbin da kan riga shi shiga ɗaki ya gaisa da mutane kafin shi ya iso. Duk dangi ba wanda ya kai shi zagin Ingila. Ranar wasan ƙwallon kurket tsakanin Ostareliya da Ingila sai maƙwabta sun rufe tagogi saboda ihunsa, karnuka su shige ƙarƙashin mota.

Mahaifiyarsa Doreen kuwa har ta mutu in ta ce gida, garin Oldham na Ingila take nufi. Ta bar wasiyya a ƙona gawarta a kai tokar can. Neville bai taɓa barin Ostareliya ba, sai ya yanki fasfon Ingila tunda can aka haife shi, wai don ya bi layin 'yan gida yana yi musu dariya. Raelene ta ce ya bari sai bayan auren 'yarsu Narelle, tunda shi zai riƙe hannunta ya shiga da ita coci ranar Asabar. Ya ce zuba toka ai ba gini ba ne, yanzu zai dawo.

Ya zuba tokar cikin ruwan sama, ya sha sanyi, ya koma filin jirgi. Matar da ke duba fasfo ta daɗe tana kallon na'urarta. Ta tambaye shi izinin shiga Ostareliya. Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Ya ce can yake zaɓe, can yake biyan haraji, can ya binne ubansa.

"Yallaɓai, ka taɓa yin rantsuwar zama ɗan ƙasa?"

Bai taɓa ba. Iyayensa ma haka. A zamaninsu an ce duk talakawan sarauniya ɗaya ne, ba wanda ya damu. A takarda shi baƙo ne, fitar da ya yi ce ta rufe masa ƙofar komawa. Mutanen layi suka fara tsaki, aka kira jirginsa, gumi ya jiƙa masa riga a garin da ruwa ke daskarewa. Ya roƙa, ya nuna hoton Narelle, matar ta ce ba a hannunta abin yake ba, sai ya nemi izini ya jira.

Ya kira Raelene ya gaya mata. Sai ta ce:

"To, Baturen Ingila, wa zai gaya wa yarinyar nan, ni ko kai?"

Izinin ya fito, amma bayan jirgin da zai kai shi kan lokaci ya tashi. Da sanyin safiyar Asabar yana zaune a kicin ɗin Brenda, 'yar ƙanwar mahaifiyarsa, cikin rigar sanyin aro da ta ƙi rufe masa ciki, ya ƙura wa waya ido yana kallon bikin kai tsaye. Kawun amarya ya miƙa mata hannu a ƙofar coci. Narelle ta girgiza kai, ta taka ita kaɗai.