Fankar da ba ta tare muryar Malam ba

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kyautata halittar kowane abu, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Akwai wata bazara da ba za ta fita daga zuciyata ba. A shekarar ne malamina na garin Tsibiri, wanda na yi karatun fiƙihu a gabansa tun ina saurayi, ya yarda a ɗauki muryarsa yana karanta wani littafi da sharhin da ya karɓa daga bakin malamansa. Sharhin nan ba a rubuce yake ba. Idanunsa sun riga sun tafi, muryarsa kuma ta yi rauni har wayar hannu ba ta kama ta sosai.

Surukina, mai gyaran kwamfuta a Talata Mafara, ya ɗauko babbar kwamfutarsa da abin ɗaukar murya, muka girka su a zauren Malam. Zaman farko bai yi kyau ba. Ƙaramar fankar da ke sanyaya ƙwaƙwalwar na'urar ta yi ta ƙara kamar injin markaɗe, kafin la'asar kuma zafi ya kashe kwamfutar. Da muka saurari abin da aka ɗauka, ƙugin fanka muka ji, maganar Malam tana can ƙasa.

Malam ya yi murmushi ya ce, "To, wagga ɗalibar ta fi malaminta baki."

Kowa ya yi dariya, ni kuwa ina lissafin ƙarfin da ya rage masa.

Da muka koma, surukina ya zo da sabuwar masanyaya. Kafin ya ɗaura ta, Malam ya ce a miƙo masa. Abu ne mai nauyi: siraran faranta na alminiyom jere bisa juna, bututun jan ƙarfe ya ratsa su, da faffaɗar fanka a gefe. Surukina ya yi bayani cewa bututun ne ke jan zafi zuwa farantan, iska ta kwashe shi, kuma faɗin fankar ya sa ba ta buƙatar gudu, don haka ba ta ƙara.

Malam ya bi ta da yatsu a hankali, yadda yake duba ɗinkin gafaka. Bai ji kaifi a bakin faranti ko ɗaya ba, bai ji wanda ya lanƙwashe ko yake girgiɗi ba. A kusurwoyin fankar ya taɓa 'yan robobi masu hana karkarwa. Da ya kai gindinta, ya tsaya.

"Nan wurin sumul awa madubi. Ana ganinai in an ɗaura?"

Surukina ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ba a gani. Nan ne take kwanciya bisa ƙwaƙwalwar."

Malam ya ce, "Ashe maƙerin ya goge inda ba mai gani. Ɗaura ta, ɗana."

Aka ɗaura, aka kunna. Muka zauna muna jira ya fara. Can ya juyo wajena ya ce, "Ku tada ta mana, rana tana tafiya." Na ce masa ai tuni take aiki. Ya kasa kunne, sannan ya yi bisimilla.

Haka muka yi ta zuwa har ya kai ƙarshen littafin, na'urar ba ta sake mutuwa ba. Da damina ta kama, Allah Ya yi masa rasuwa. Yau ɗalibai a Bakura da Maradun suna sauraron karatun, har numfashinsa tsakanin jumla da jumla ana ji.

Ban san maƙerin nan ba, ban san ƙasarsa ba, shi ma bai san da zauren Tsibiri ba. Amma da ya yi ha'inci a wurin da ido ba ya kaiwa, da sharhin ya bi Malam kabari. Tun daga lokacin nake faɗa wa ɗalibaina su kyautata ɓoyayyen sashen aikinsu, domin ba su san amanar wa za ta rataya a kansa ba.

Allah Ya jiƙan malamanmu, Ya sa albarka ga mai karanta wannan da iyalan gidansa. Amin.