Hoton Kofur Hammadu a Saman Manjo

Duk unguwar an san Samanja Ezekiel da son tsari. Shekara talatin da biyu ya yi a soja, ya dawo Zuru yana noman dawa, amma ko kunya zai yi sai ta miƙe kamar an ja zare. A coci ma ba ya zama gaban wanda ya fi shi muƙami, ko da mutumin ya ajiye kaki tun tuni.

'Yarsa Jessica, wadda ke koyarwa a Mahuta, ita ta jawo masa wannan wahalar. Ta ga yana ta jujjuya tsofaffin hotunan abokansa sojoji da suka rasu, sai ta buɗe masa shafi a intanet, ta bar masa tsohuwar kwamfutarta.

"Baba, babu wuya fa. Ka danna hoton, ka riƙe, ka ja shi ƙarƙashin sunan mutumin, ka saki."

Ta hau mota ta tafi, ta bar shi da alƙawarin da ya riga ya ɗauka: ranar Asabar, a taron tsofaffin sojoji, zai nuna shafin, mutum goma sha tara kowa a layinsa, daga Manjo har ƙasa.

Manya ba su ba shi wahala ba, don suna sama, ja kaɗan ne. Amma yatsansa na dama ya sandare tun raunin da ya samu a Laberiya, ba ya jure dogon riƙo. Sajoji sai da gumi. Da aka zo kan Kofur Hammadu, na ƙarshe a jerin, sai abu ya gagara. Ya danna, ya fara ja, yatsa ya saki, hoton ya faɗi a saman shafin, bisa kan Manjo.

"Kai, Hammadu! Koma layinka!"

Ya goge, ya sake. Hammadu ya sake hawa sama, da hularsa a karkace, yana dariya da wushiryarsa. Ya gwada da hannun hagu, hoton ya ɓace gaba ɗaya, sai da ya yi rabin awa yana nema. Ya gwada da yatsa biyu. Ya yi tsaki har akuya ta ɗago kai.

Matarsa Dinah tana tsince wake a bakin ƙofa.

"Baban Jessica, ka kira yarinyar nan mana."

"In kira ta in ce me? Kofur ya fi ƙarfina?"

"To ai ya fi. Kwana uku ke nan kana yi wa mamaci tsawa."

Ranar Alhamis da la'asar aka ɗauke wuta, batir ya fara ƙyaftawa. Don kada aikin ya lalace, ya danna adanawa da sauri, da niyyar gobe zai gyara. Bai san da ya danna, duniya ta gani ba.

Washegari da hantsi sai ga sallama. Asama'u ce, matar marigayi Hammadu, ta taso daga Danko a kan babur, mayafinta duk a yamutse. Wata 'yar uwarta ta nuna mata shafin a waya. Ba ta ko sha ruwan da Dinah ta kawo ba.

"Samanja, Allah shi saka maka. Shekara ashirin yana soja, ban taɓa ganin an sa shi gaba ba. Ko hoton bariki, kunnensa kawai ake gani a baya. Jiya yara sun gan shi sama, har 'yarmu Surayya ta yi kuka."

Ezekiel ya buɗe baki zai ce kuskure ne. Dinah ta kafe shi da ido. Ya rufe. Shi ya fi kowa sanin Hammadu ne ya goyo shi a baya ranar da ya samu raunin nan, tafiyar mil huɗu cikin taɓo, yana ta ba shi labarin shanun ubansa don kada ya suma.

Asama'u na fita, wuta ta dawo. Ya zauna gaban kwamfuta, ya daɗe yana hararar hoton Hammadu.

"Da ranka ba ka jin magana, yanzu ma haka."

Ranar Asabar a wurin taron, Kyaftin Aaron mai ritaya ya ɗaga tabarau ya duba da kyau.

"Samanja, kofur a kan Manjo? Kai da kanka?"

Ezekiel ya miƙe, ya ƙame kamar a fareti.

"Yallaɓai, sau arba'in na mayar da shi, ya ƙi. Wanda zai iya, ga kwamfuta nan. Amma shi zai je Danko ya gaya wa matarsa."

Babu wanda ya tashi. Wani saje a baya ya ce dama Hammadu bai taɓa tsayawa inda aka ajiye shi ba, aka yi dariya, aka yi wa mamatan addu'a, kowa da irin tasa.

Hoton yana nan a sama har yau. Allah ya jiƙan Hammadu. Samanja kuwa duk sanda ya buɗe shafin sai ya yi tsaki, amma da Jessica ta zo hutu ta ce bari ta gyara masa cikin minti ɗaya, janye kwamfutar ya yi daga gabanta.