Keken da Maƙwabcina Ya Bar Mana

A unguwar Al-Oud, ciwonmu ɗaya da maƙwabcina: 'yarsa ba ta tafiya, tawa ma haka. Sai dai shi ɗan ƙasa ne, ni kuwa baƙon direba mai iƙama, wato takardar izinin zama. Gwamnati ta ba su keken lantarki da gida marar bene, har da gangare a bakin ƙofa.

Ranar tashinsu ya turo mini tsohon keken 'yarsa. Bakina ya ce masha Allah, amma wallahi zuciyata tafasa take yi. Mu a saman bene muke zaune; ina aka taɓa ganin keke ya hau bene? Na ɗaure shi a ƙasa, na durƙusa, yarinyata ta ɗare. Ita dai gadon bayana ne gwamnatinta.